Rina Mai Girman Ɗan Maraƙi: Me Ya Sa Fim Ɗin Tsoro Ya Koma Abin Dariya a Legas?

Akwai wani fim ɗin Amurka da ke yawo a wayoyin 'yan Arewa mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago. Labarinsa ba ya buƙatar dogon bayani. Wani kamfani ya zubar da dattin sinadari a bayan wani ƙaramin gari, rina ta sha, ta girma ta kai ɗan maraƙi, ta shiga surar mutane ɗai-ɗai tana kai su sheƙarta. Akwai ɗan sanda guda, akwai wata masaniyar ƙwari da ba wanda ya saurare ta sai da aka fara mutuwa, akwai shugaban gari da ya hana a faɗa wa jama'a gaskiya don kada kasuwa ta watse. A ƙarshe an yi wa sheƙar wanka da fetur an cinna wuta. Wanda ya kalli irinsa guda ya kalli ɗari.

Gardamar da ya tayar ta fi fim ɗin daɗi. Mafi yawan waɗanda suka kalla sun ce shirme ne, asarar caji ce. Wasu, musamman samari, sun ce su dai sun more, har suna maimaita wuraren da suka fi ba su dariya. A teburin wani mai shayi kusa da layin dogo a Agege na ji wani ɗan acaba yana kare fim ɗin a gaban wani dattijo mai gadi. "Baba, ai ba don tsoro ake kallon irin wannan ba, don nishaɗi ne." Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro, in dariya nake nema ai ga camama nan ta gida. Wannan an ce min fim ɗin tsoro ne. Kuma ƙarya ce tsagwaronta, Allah bai halicci rina haka ba."

Maganar dattijon tana da tushe fiye da yadda shi kansa ya zata. Ƙwaro ba shi da huhu. Iska tana shiga jikinsa ne ta wasu 'yan ƙofofi da ke jere a gefensa, ta bi siraran bututu har ta isa ga tsoka, kuma jininsa ba ya dakon iskar kamar namu. Wannan tsari yana aiki sarai in jiki ƙarami ne. Da jiki ya yi kauri, iskar ba za ta kai can ciki da isasshen sauri ba, sai an ƙara yawan bututun har su cinye wurin da tsoka da hanji za su zauna. An taɓa yin manyan ƙwari a duniya, amma a wani zamani daban. Kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce akwai wani dangin mazari da masana ke kira Meganeura, wanda faɗin fikafikansa ya kai wajen santimita 70, an tono burbushinsa a ramin kwal a Faransa. A lokacin iskar oksijin da ke sararin duniya ta kai wajen kashi 30 cikin 100 ko fiye, yau kuwa kashi 21 ce. Ko a wancan zamani na wadatar iska, iyakar abin da aka samu ke nan, bai kai shaho ƙarfi ba balle ya ɗauki mutum.

Sai maganar nauyi, wadda masanin kimiyyar Italiya Galileo ya yi bayaninta tun 1638. In ka ninka tsawon abu sau biyu ta kowane ɓangare, kaurin ƙafarsa zai ninku sau huɗu, amma nauyinsa sau takwas. Ɗauki rina mai santimita 2 ka mai da ita mita 2, ninki 100 ke nan. Kaurin ƙafarta ya ƙaru sau 10,000, nauyinta kuwa sau miliyan ɗaya. Kowane ɗan yanki na ƙafar zai ɗauki ninki 100 na abin da ya saba ɗauka. Kafin ta kai ga tashi sama, ƙafafun sun karye. Ga kuma saɓa: ƙwaro ƙashinsa a waje yake, ba ya girma sai ya tuɓe tsohon ɓawo, kuma kafin sabon ya bushe jikinsa laushi gare shi. Dabba mai wannan nauyi da ta tuɓe ɓawonta, a ƙasa za ta baje.

Duk da haka ban yarda a yanke wa fim hukunci da wannan ba. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, gizo-gizo mai auren ƙoƙi-ƙoƙi yana zuwa fada yana yi wa sarki ƙarya, ba mu da bakin cewa ba ma kallon abin da ba zai yiwu ba. Inda lissafin Galileo ya shigo shi ne ido ya san shi ko da ƙwaƙwalwa ba ta taɓa jin sunansa ba. Ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa daga tirela a kasuwar Mile 12 ya san yadda abu mai nauyi ke sauka. A fim ɗin akwai inda rinar ta diro kan rufin mota. Motar ba ta girgiza ba, rufin bai lotsa ba, ƙura ba ta tashi ba, kuma in ka tsai da hoton za ka ga ƙafafunta ba su da inuwa, rana kuwa tana tsaka. Mutum uku ne a tsaye suna ihu, kowa yana kallon wani wuri daban, don lokacin da aka ɗauki hoton babu komai a wurin, an ce musu ne kawai su kalli sama su firgita. Nan ne ake fashewa da dariya, kuma ba wanda ke buƙatar malamin kimiyya ya gaya masa abin bai zauna ba.

To me ya sa masu ƙaramin jari suke ta komawa kan ƙwari? Don ƙwaro shi ne dodon talaka a harkar fim. Ba shi da gashi, ba shi da fuskar da za ta nuna fushi ko jin zafi, jikinsa ɓawo ne mai santsi, gashi da fuska kuwa su ne abubuwan da suka fi wahala da cin kuɗi a zanen kwamfuta. Ka zana guda ɗaya, ka kwafe shi hamsin, ka samu runduna. Ba sai ka ɗauki fitaccen jarumi ba, don ba jarumi aka zo gani ba. Ba sai ka sayi labarin kowa ba. Wannan dabara ta daɗe. A 1957 wani mai shirya fim a Amurka, Bert I. Gordon, ya yi fim ɗin manyan fara masu far wa birnin Chicago mai suna Beginning of the End, kuma yadda ya nuna su suna hawan dogayen gine-gine shi ne ya ɗora farar gaske a kan hoton ginin na takarda ya ɗauka. A shekarun nan akwai kamfanin American International Pictures da ya shahara da fara tsara sunan fim da fostarsa, in masu gidajen silima sun nuna sha'awa sannan a rubuta labari. Wanda ya san yadda 'yan kasuwar Idumota da Alaba suka riƙa juya finafinan kaset bayan fitowar fim ɗin Nijeriya Living in Bondage a 1992 ba zai ji wannan baƙo ba. Mai zuba kuɗi shi ke faɗin abin da zai hau bangon kaset, kuma bangon ake saye kafin a san abin da ke ciki.

Iya kuɗinka iya shagalinka, wannan gaskiya ne, amma ni ban ɗora laifin fim ɗin a kan talauci ba. Laifinsa ya nuna abin da ba shi da kuɗin nunawa, kuma ya nuna shi da wuri, da tsakar rana. Uban duk waɗannan finafinai, Them! na 1954 mai manyan tururuwa, na kamfanin Warner Bros. ne, ba na 'yan ku-ci-ku-ba-mu ba, amma ko shi baƙi da fari ne kuma tururuwarsa ta inji ce da mutane ke motsawa. Abin da ya yi shi ne ya ja wa mai kallo rai. An fara da wata yarinya tana tafiya ita kaɗai a hamada, ta kasa magana. An ga motar kwana da aka farke, an ga shago a rushe an kwashe sukari an bar kuɗi, an ji wani irin kuka mai kaifi cikin iska. An kusa cin rabin awa kafin a ga tururuwa ta farko, ita ma cikin guguwar yashi. Kafin ta bayyana mai kallo ya riga ya gina tasa a zuciya, wadda ta fi kowace ta inji muni. Tsofaffin da suka yi mana tatsuniya sun san wannan. Har yau tambayi mutum goma kamannin Dodo, za ka ji amsa goma.

Akwai dalilan da suka sa na yanzu ba sa yin wannan haƙuri, kuma su ma na kuɗi ne. Ɗaukar hoton dare ya fi tsada, sai fitilu da janareta da ƙarin awoyin ma'aikata. Irin waɗannan finafinai kuma tashoshin talabijin da shafukan intanet ake sayar wa, inda mai kallo ke riƙe da rimot, in bai ga dodo cikin minti biyar ba ya wuce. Saboda haka ake fito da rinar tun kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa.

A yi wa fim ɗin adalci ta wani ɓangare: mu ma ba mu kalle shi yadda ake kallon fim ɗin tsoro ba. Kafin ya iso wayar mai gadi a Ikeja ya bi ta hannun masu tura fim, an matse shi ya yi ƙanƙanta don ya shiga memori, hoton ya dusashe, sautin ya zama na gwangwani. Mutum biyar sun duƙa kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, janaretan maƙwabta yana ruri, motar danfo na hon, wani yana tambayar canji. Tsoro yana son duhu da shiru da kaɗaici, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake samu a araha a Legas.

Amma babban abin da nake ganin ya raba mu da fim ɗin ya wuce hoto da sauti. Rabin tsoron da ke cikin kowane fim mai kallo ne ke zuwa da shi daga gida. Ba'amurken 1954 ya shiga silima da fargabar bam ɗin nukiliya a ransa. An gwada na farko a hamadar New Mexico a watan Yulin 1945, daidai yankin da aka ce tururuwar fim ɗin ta fito. Ana ta gwaje-gwaje a Nevada tun 1951, kuma a watan Maris na 1954 tokar wani gwaji a tekun Pasifik ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan ta sa su ciwo. Da aka ce masa tururin nukiliya ya mai da tururuwa dodo, bai tsaya auna kaurin ƙafa ba, don tambayar da ke cin sa ita ce me masana suka saki a duniya wanda ba su san ƙarshensa ba. Haka tsofaffin finafinan Legas da Onitsha suka riƙa hana mutane barci da siddabarun da ya fi na rinar nan rauni: wuta mai launin kore tana fita daga ido, mace ta rikiɗe maciji cikin ƙiftawa ɗaya. Yara sun ƙi fita fitsari da dare, don maita da tsafi da aljanu ba a allon suka fara jin su ba. Bahaushe ya zo da nasa tsoron a aljihu, hoton kawai ya taɓo shi. Rina mai girman maraƙi kuwa ba ta da abin da za ta taɓo.

Ba wai jigon guba ba zai iya kama mu ba. Lokacin da Faransa ta fara gwada bam ɗinta a Reggane cikin hamadar Aljeriya a watan Fabrairun 1960, an ji tsoron abin da iskar hunturu za ta kwaso ta kawo, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. A 1988 an gano dubban gangunan dattin masana'antu da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yau. Wanda ke zaune kusa da magudanan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu a Legas ya san launin da ruwa ke komawa. Fim ɗin dai bai damu da wannan ba. Ganga ta faɗo daga mota a minti na farko, an ga koren ruwa, ba a sake waiwayar kamfanin ba.

Sannan akwai kuskuren da ke gindin duk wannan nau'i, wato zaton cewa in an ƙara wa ƙwaro girma an ƙara masa ban tsoro. A tunaninmu akasin haka ne. Labarin Lamarudu da malamai ke kawowa a tafsiri, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, ƙarfinsa duk yana cikin cewa sauro guda ne ya shiga hancinsa ya gama da shi. A cikin azabobin da aka saukar wa mutanen Fir'auna akwai fara da ƙwarƙwata, kuma ba a ce an ƙara musu girma ba, yawa aka ƙara musu. Ƙwaro mai girman maraƙi ana ganinsa daga nesa, ana harbinsa, ana rufe masa ƙofa. Ya zama naman daji kawai, mafarauci ya san yadda zai yi da shi. Wanda ya kwana a ɗakin haya na mutum takwas da kuɗin cizo a cikin katifa ya san wani tsoron daban: ka kunna tocila ka ɗaga bakin ɗinki ka gan su jere, ka fitar da katifa rana, ka zuba tafasasshen ruwa a gado, ka sa fiya-fiya har kai ma ka kusa shiɗewa, bayan mako biyu ka farka da sabon cizo a wuya. Ba ka da wanda za ka harba.

Mai kisan gaske ma ƙarami ne. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutane wajen 600,000 a shekara a duniya bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na waɗannan a Nijeriya ne, mafi yawansu yara ƙanana. Legas kanta sauro ya sa hannu a tsarinta. Gwamna William MacGregor, wanda ya riƙe ta daga 1899 zuwa 1904, ya sa an yi ta cike fadamu da haƙa magudanai ana raba kwinin, duk don yaƙi da shi. 'Yan gwari kuma ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna Tuta absoluta, wanda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwaron bai kai santimita ɗaya ba. Kwandon tumatir ya ninka kuɗinsa sau da yawa a Mile 12, motoci suka ragu, 'yan dako suka zauna, matan Legas suka koma miyar tumatirin gwangwani. Ita fara, da muke soyawa mu barbaɗa mata yaji mu ci, ɗaya-ɗayanta abin tauna ce. Amma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana cinye abincin mutum 35,000 a yini. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Matsalar mai ƙaramin jari ita ce irin wannan tsoro ba ya hawa fosta. Ba za ka sayar da fim da hoton ganyen tumatir mai huji ba.

Masu fassara finafinai zuwa Hausa sun gane duk wannan tun kafin masu sharhi. Da suka ga babu tsoron da za su ceto, sai suka karkata ga barkwanci. Ɗan sandan ya koma DPO, shugaban gari ya koma ciyaman mai maganar kwangila, wanda rina ta sura yana salati yana kiran iyayensa yana neman a yafe masa bashi. Wanda ya kalli fassarar da wanda ya kalli na Turanci ba fim ɗaya suka kalla ba, kuma rabin gardamar da ake yi daga nan take. Iyaye kuma suna da nasu ƙorafin, wanda ya fi na kowa ma'ana: dariyar ta sa ana miƙa wa yara wayar, alhali akwai wuraren da ake farke ciki jini na tsartuwa. Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana sa wa fim alamar shekaru, amma alamar ba ta biyo shi cikin memori.

Ni ina tare da masu dariya, sai dai ban karɓi uzurin da wasunsu ke kawowa ba, wai ai da gangan aka ɓata shi. Akwai finafinan da ake ɓatawa da gangan, kuma ana gane su, don 'yan wasan kansu suna ƙunshe dariya, abin sai ya yi lami. Wannan ba ya cikinsu. 'Yar wasan da ta fito a masaniyar ƙwari da gaske take, hawayenta na gaske ne, tana roƙon a kwashe mutane daga gari da duk ƙarfinta, ga kuma abin da aka liƙa a bayanta yana lilo a iska. Tazarar da ke tsakanin himmarta da abin da aka iya biya ita ce ke ba da dariyar, ita ce kuma ke sa ka ɗan ji tausayin waɗanda suka yi aikin.

Kuma akwai wuri ɗaya da fim ɗin ya ci sunansa. Wani yaro ya ɓuya a ɗakin ajiya, wuta ta ɗauke, ba a ganin komai sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Ana jin guri a bayan bango, ya matso, ya tsaya. Wani abu ya fara kankarar katako a hankali. Hasken ƙasan ƙofar ya katse, ya dawo, ya sake katsewa. Ba a nuna rina ba ko sau ɗaya. Duk wanda na tambaya, har masu cewa shirme ne, wannan wurin suke ambata, kuma mai yiwuwa shi ne mafi arha a duk fim ɗin: yaro ɗaya, ɗaki ɗaya, fitila ɗaya da mai haɗa sauti. Sai dai bai kai minti biyu ba rinar ta fasa ƙofa ta shigo da jikinta duka, ƙafafunta suna ratsa katakon ba tare da sun taɓa shi ba.

Bayan gobarar ƙarshe, kyamara ta gangara ƙarƙashin toka ta nuna ƙwai guda da bai ƙone ba yana motsi. Wannan ba fasaha ba ce, lissafi ne. An riga an biya kuɗin zana rinar, tana nan ajiye a kwamfuta, kashi na biyu zai fi na farko arha. Masu tura fim a Agege sun ce an fara tambayarsu ko ya fito, kuma cikin masu tambayar har da waɗanda suka rantse asarar caji ce.